Yadda Aka Sayar da Gidan Abincin Kawu

Ƙarfe biyu da rabi na wata Juma'a, ana saukowa daga masallaci, abubuwa suka fara lalacewa a gidan abincin Kawu. Na riƙe lokacin ne saboda agogon bango yana saman ƙofar shiga, kuma na ɗaga kai na dube shi sa'ad da aka turo ta.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya yi shekaru yana girki a manyan otal na Abuja, sannan ya dawo Jos ya sayi wani tsohon gida a gefen gari, ya mai da shi wurin cin abinci irin wanda ya saba gani can. Akwai fararen mayafai a kan tebura da kofunan gilashi masu dogon wuya. Abinci ba ya zuwa gaba ɗaya. Sai a kawo 'yar miya a ɗauke, a kawo kifi ko nama da dankalin turawa a ɗauke, a ƙarshe a kawo acca da aka dafa da madara.

Ni kuwa ina shekarar farko a jami'a, ina kwana a ɗakin ɗalibai kusa da Titin Bauchi, kuma ban yi ƙawa ko ɗaya ba. Idan na gama darasi sai in hau mota in tafi wurin Kawu. Aikina guga da goge kofuna da jera cokula. Da babban yatsana nake auna tazarar kowane cokali daga bakin tebur, don kada wani ya fi wani shigewa. Abin da Kawu ke biya na shi ne kuɗin makarantata, domin mahaifiyata ba ta da shi. Idan babu baƙi, sai in zauna a teburin ƙarshe kusa da taga in buɗe littafi. A duk Jos, nan kaɗai nake jin ba a bakin wani wuri nake tsaye ba.

Wanda ya shigo ran nan surukin Kawu ne, mahaifin matarsa, dattijo mai sayar da katako a kasuwar Katako, tare da abokansa. Kawu ya fito daga kicin da farar rigar girki, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi.

"Ashe nan ka ɓuya," in ji dattijon. "An ce mana kana sayar da loma da kuɗin buhu. Mun zo mu gani da idonmu."

Na kai musu miya. Ɗaya daga cikin abokan ya leƙa kwanon, ya dube ni.

"Yarinya, wannan ɗanɗano ne, ko abincin ke nan?"

Suka fashe da dariya. Kawu ya yi mini alama da ido in ƙaro, na ƙaro. Suka ci, suka yaba, suka sa albarka.

Ƙa'idar da Kawu ya koya mini ita ce, idan an kwashe kwanukan ƙarshe, sai in saka takardar lissafin kuɗin abinci cikin wata 'yar baƙar jakar fata in ajiye a gefen wanda ya yi oda. Na ɗauko ta ke nan, sai Kawu ya tare ni a bakin kicin, ya dafe jakar da tafin hannunsa.

"Mayar," ya ce a hankali.

"Kawu, ai sun gama."

"Surukina ne. In miƙa masa takarda? Da wane ido zan sake kallonsa?"

Na mayar.

Juma'ar da ta biyo baya suka dawo, sun ƙaru. Daga nan labari ya kai Ali Kazaure, unguwar da Kawu ya tashi, cewa ɗan gida ya buɗe wuri kuma ba ya karɓar kuɗin nasa. Sai ga ƙannen uba, ga maƙwabtan da aka haɗa katanga da su, ga wanda suka yi makarantar allo tare. Babu mugu a cikinsu. Wasu ma sukan kai hannu aljihu, Kawu ya rantse cewa ba zai karɓa ba, su kuma su janye hannun da sauri.

Muna da wani mai kai abinci, Bayarabe haifaffen Jos, mai yawan barkwanci. Wata rana ya ce, "Oga, ka bar ni ni in kai musu takardar lissafin. Ni ba surukina ba ne. Ni ko kunya ba ni da ita, ka tambayi matata."

Kawu ya yi dariya. "Gidan nawa ne ai. Hannunka hannuna ne."

Masu biya kuwa, likitoci da ma'aikata da sababbin ma'aurata, shiru suke zuwa saye tare da abincin. Ranar Juma'a ce babbar ranarmu a da. Na sha ganinsu ta taga, su tsaya da mota, su hango wurin cike da hayaniya ana haɗa tebura, su juya. Ba zan ce dangi kaɗai suka ci gidan ba. Man janareta ya yi tsada, gas ya yi tsada, mutane suka fara lissafi kafin su fita cin abinci. Amma ta ƙofar nan ruwa ya fara shigowa.

Kifi ya fara ɓacewa daga abin da muke dafawa. Aka daina sayen furanni. Aka daina kunna janareta da rana, sai in yi karatu da hasken taga. Mataimakin Kawu a kicin ya tafi, Bayaraben ma ya samu aiki a wani otal, ya zo ya yi sallama yana share ido yana cewa albasa ce. Da abinci ya koma shinkafa da kaza kawai, dangin ma suka daina zuwa. Ni dai ban fasa jera tebura duka ba. Da yamma in kwashe cokulan yadda na ajiye su, ko ɗaya bai ɓaci ba.

A waya na ji Kawu yana cewa zai sayar. Bayan kwanaki wata Madam 'yar ƙabilar Ibo, babbar 'yar kasuwa, ta zo da wani mutum yana auna bango. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta zauna mini a ƙirji: in an sayar, za a bar ni in ci gaba da aiki? Rajistar sabuwar shekara ta matso. A cikin mota nake maimaita tambayar a zuci, in gyara ta, in sake gyarawa. Da ƙyar na iya furta ta wata rana Kawu yana yanka albasa.

"Kawu, in an sayar, ni fa?"

Bai ɗago ba. "Za mu yi magana."

Ba mu yi ba. Idan na shigo, sai ya tuna yana da saƙo a kasuwa. Na kira mahaifiyata, ta ce kada in matsa masa, kawuna ne, ya san da ni. Na koma teburina na zauna da littafi a buɗe, ina juya shafi ba tare da na san me na karanta ba.

Ranar kwashe kaya surukin ya aiko da mota daga Katako don taimako, shi ma ya biyo ta. Ya ƙwanƙwasa tebur ɗaya ya ce katakon mai kyau ne. Sannan ya dubi Kawu da tausayi na gaske.

"Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma me ya faru ne? Mu dai duk ranar da muka zo, wurin a cike yake."

"Kasuwa ce kawai, Baba," in ji Kawu, kansa a ƙasa.

Kawu ya bi motar ya tafi, ya bar mini makullai in ba Madam. Na tsaya a ɗakin da babu komai sai agogo da tarin mayafai. Babu wanda ya sa ni, amma na ninke su ɗaya bayan ɗaya, kusurwa a kan kusurwa.

Da la'asar Madam ta zo. Na gaishe ta, na miƙa makullan da hannu biyu. Har ta juya, na ji bakina ya buɗe.

"Madam, don Allah, idan kin buɗe, za ki buƙaci mai aiki? Na iya guga da jera tebur. Ba na fashi."

Ta tsaya ta dube ni sosai, ta dubi mayafan da na ninke. Da Hausarta ta kasuwa ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ayya, 'yata. Ba abinci zan sayar ba, kayan gini ne, kuma yaran ƙanena za su zauna a shagon. Oga kawunki ya roƙe ni saboda ke tun ranar farko, kafin ma mu yi maganar kuɗi. Na ce masa babu wuri. Bai gaya miki ba?"