Bayanin Allurar Shawara

A ƙasashen da na zauna, doka ce a yi wa mutum bayani kafin rigakafi, kuma na daɗe ina cika wa mutanen Mubi kunne da wannan. Da bikin jikata a Kamaru ya matso, na je asibiti allurar ciwon shawara, don sai da katinta ake tsallaka iyaka. Ma'aikaciyar ta gaya mini amfaninta da zazzaɓin da kan biyo baya. Na ce ta maimaita da Fulatanci, ta maimaita. Sai na nemi Faransanci.

"Baba," in ji ta, "bayani kuke so, ko allurar kuke tsoro?"

Mata masu goyo a layi suka tuntsire da dariya. Na naɗe hannun riga, na runtse ido, ina salati da ƙarfi.