Layin Alli na Kawu Alton

Kawu Alton Pettway ƙanen kakata ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas a Philadelphia, bai taɓa buge ko kare ba. Da ya yi ritaya sai ya mayar da shagon askina wurin zamansa. Duk Asabar yakan zo da soyayyen kifi a takarda, ya ajiye rabi yana jiran amininsa Roscoe Tibbs.

A 1955 su biyar ne, samarin Titin Tioga, suna haɗa murya a matakalar wani bene saboda amsa-kuwwar wurin. Ba ganga, ba garaya, baki kawai. Kawu ne mai muryar ƙasa, mai kauri, shi ya sa suke ce masa Kwaɗo. Roscoe ne ya tara su, shi ya tsara waƙarsu, uwarsa ce ta ɗinka musu kwat iri ɗaya, shuɗaye. Faifai ɗaya tak suka yi, ya ɗan zaga gidajen rediyo wata biyu, daga nan aka ɗebi biyu aikin soja, ƙungiya ta watse.

Roscoe ba ya gajiya da faifan nan. Sai ya ɗora shi a na'urar shagona ya ɗaga yatsa.

"Kai, Kwaɗo, ka ji ni nan? Can sama-sama?"

"Na ji ka, tsoho," in ji Kawu, idonsa a kan kifi.

Wata Laraba ina yi wa Kawu aski, ba kowa a shagon, ya ce in kashe injin. Ya ce a lokacinsu makirufo ɗaya ake kafawa a tsakiyar ɗaki, a ja wa kowa layi da alli a ƙasa, gwargwadon ƙarfin muryarsa. Ranar ɗaukar faifan mai kamfanin ya ja shi gefe ya ce muryar Roscoe tana zamewa daga karin waƙar, ko a cire shi ko a fasa. Kawu ya karɓi allin da hannunsa. Ya ja wa Roscoe layi can bakin ƙofa, ya ce masa ai muryarsa ce ta fi ta kowa kaifi, shi ya sa.

"Ya tsaya can yana rerawa har jijiyar wuyansa ta tashi," in ji Kawu. "Ko tarinsa bai shiga faifan ba. Shekara talatin da huɗu yana tambayata, ina cewa na ji."

Na kunna injin na ƙarasa masa ƙeya.

Abin da ya tayar da maganar, wani mai tattara tsofaffin waƙoƙi ne ya samo asalin tef ɗin, zai sake fitarwa, ya ce zai zo ya rubuta sunayen waɗanda suka rera. Ranar Asabar ya iso da littafinsa. Roscoe ya sha kwat, har da fure a aljihu.

"Gafara dai, dattawa," in ji baƙon. "An ce ku biyar ne, amma na saurara har na gaji, murya huɗu nake ji. Wane ne bai samu zuwa ba?"

Kawu ya miƙe, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji kamar a coci.

"Kowa ya zo. Ni na kai Roscoe bakin ƙofa don kada a ji shi. Na kuma yi masa ƙarya."

Roscoe ya juyo wajensa.

"Taku nawa ne daga makirufo, Alton?"

"Tara."

"Sha ɗaya. Biyun ni na ƙara da kaina. Kana tsammani ba ni da kunne? Tun a matakala na san ina zamewa." Ya gyara furen aljihunsa. "Da ka ce mini, Roscoe, yau ka yi shiru, wallahi da na riƙe muku kwat ina murna. Sai ka ja mini layin alli. Duk Asabar ina ba ka dama, kai kuma kana cewa ka ji ni."

Ya juya wajen baƙon. "Rubuta huɗu, ɗana. A ƙasa ka sa ni na tsara waƙar, wannan kam gaskiya ne."

Ya fita bai yi sallama ba.

Sati bakwai ke nan bai leƙo ba. Kawu ya je gidansa sau biyu, 'yarsa ta ce yana hutawa. Sabon faifan ya iso shekaranjiya, Kawu ya karanta sunayen yana bin su da yatsa, ya miƙo mini.

"Ka kai wa Roscoe, Desmond. Kada ka ce daga wurina ne."

Na ce ba zan iya yi masa ƙarya ba. Kawu ya ce to, in faɗa masa daga wurinsa ne.