Malam Gwada-mu-gani da Ƙaryar da Yake Rubutawa a Allo

A bakin ƙofar makaranta, inda muke jiran a tashi yara, na fara jin maganar. Wai malamin kimiyya na 'yan aji shida, wanda yara ke kira Malam Gwada-mu-gani, tsufa ya fara taɓa shi, ƙarya yake ɗura wa yara. Mai maganar bakanike ne, 'yarsa ajinsu ɗaya da jikata. Ya ce yarinyar ta dawo gida tana rantse-rantse cewa in aka haɗa mai da ruwa, ruwan ne ke hawa sama, man ya kwanta a ƙasa, domin Malam ya rubuta haka a allo. Shi da ya tsufa a cikin baƙin mai, in ji shi, ba za a mayar masa da 'ya sakarya yana kallo ba. Nan da nan magana ta bazu. Iyaye suka nemi shugaban makaranta ya kulle ɗakin da Malam ke gwaje-gwajensa a mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru, tunda dama ƙarshen shekarar nan zai yi ritaya. Har aka sa ranar taro.

Ni kuwa na daɗe da daina sayen maganar bakin ƙofa. Na yi aikin haɗa magani a asibiti har ƙafafuna suka gaji, kuma na sha ganin abin da kowa ya sani ya tashi ba haka yake ba. Na ce wa jikata gobe tare za mu tafi ajin. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, to tsohuwa, amma kada ki sa kayan kirki.

Na yi sammako, amma Malam ya riga ni. Mai gadi ya ce kullum haka yake: kafin a share ofis ya iso a kan kekensa, da buhu ɗaure a baya. Na tsaya ina kallo ya zazzage buhun a gindin famfo. Robobin ruwa ne, da murafan kwalba, da tsofaffin batura, da guntayen waya, da kwali. Ya wanke na wankewa ya jera su a taga su bushe. Ɗakin kansa ba ya kama da aji. An haɗa teburan gungu-gungu, kowane gungu da bokiti a ƙarƙashi da tsumman goge ƙasa rataye a ƙusa. A bakin taga akwai gwangwanaye da wake ke tsirowa a ciki, wasu a rana, wasu an kife musu kwali sun fito farare fat, dogaye kamar marasa lafiya.

Da yara suka zauna, bai ce a buɗe littafi ba. Ya ɗauki alli ya rubuta cewa in ka kife kofi cike da ruwa, dole ruwan ya zube, ko da ka rufe bakinsa da kwali. Sai ya ce wanda ya yarda ya koma wajen taga, wanda yake shakka ya koma wajen ƙofa. Ɗaki ya kaure da jan kujeru. Yawancinsu suka yi taga. Na lallaɓa da sandata na bi 'yan ƙofa, domin shakka ce sana'ata tun ina budurwa. Wata yarinya ta tambaye shi wane ɓangare ne ke da gaskiya. Ya ɗaga kafaɗa, yara suka amsa mata baki ɗaya: mu gwada mu gani.

Abin da ya biyo baya ya sa na kasa zama don daɗi. Kowane gungu ya cika kofi, ya ɗora kwali, ya kife a kan bokiti. Na farko ya zube a takalmin mai shi. Na biyu ya jiƙa mini zani, jikata tana ta ƙyaƙyata dariya. Sai ga 'yar bakaniken nan ta cika nata har baki, ta danne kwalin da tafin hannu, ta kife a hankali, ta janye hannun. Ruwa ya tsaya cak a sama, kwali manne da shi. Ta ƙame ko numfashi ba ta yi, idanu waje. 'Yan taga suka baro tagarsu a guje. Malam bai yi bayani ba sai da kowane hannu ya jiƙe. Ya riƙa jan su da tambaya har wani ya ce ko iska ce ke tokare kwalin daga ƙasa. Sannan ya miƙa wa yarinyar alli ta je ta soke abin da ya rubuta da hannunta.

Bayan an tashi na tare shi da maganar mai da ruwa. Bai yi musu ba. Ya ce wata rana gaskiya yake rubutawa, wata rana ƙarya, kuma ba ya faɗa musu wacce ce, don kada su saba da haɗiye magana saboda mai gemu ne ya faɗe ta. Dokarsa ita ce ba a fita sai an soke ƙaryar. Ranar mai da ruwa sun jera kwalabe ke nan hadari ya taso, aka kaɗa ƙararrawa aka sallami kowa.

"Kuskurena ne, Inna," in ji shi. "Da na goge allon kafin su fita. Na bari suka tafi da ita gida."

Ban tsaya a bakinsa ba, na bi sawu. Mai gwajin jini a asibitin da na bari ta ce a ɗakin nan ta fara sanin cewa ido na iya ƙaryata kunne. Mutumin da ya sa mana lantarki mai aiki da hasken rana a gida ya ce ƙwan fitilar farko da ya kunna a duniya da tsohon batir ɗin Malam ne da guntuwar waya, kuma ranar bai iya cin abinci ba don murna. Wata maƙwabciyata ta ce 'yarta da ba a jin muryarta a aji yanzu gardama take da yayyenta a kan inuwa, har ta auna ta da igiya safe da yamma.

Kai ne ka yi wannan, Malam. Kai ne mai tsintar abin da muka zubar ka mayar da shi darasi. Shekaru sama da talatin kana tsayawa gaban yara kana ba su damar su kama ka, abin da manya da yawa ba za su iya jurewa ba ko sau ɗaya.

Ranar taro na nemi a ba ni magana. Na ce kafin mu kulle ɗaki, ai ya kamata mu shiga mu ga abin da za mu kulle. Aka yi ta gunaguni, amma tsufa na da ranarsa, aka bi ni. Malam ya ajiye bokitin ruwa a tebur da lemo biyu, ɗaya da ɓawonsa, ɗaya ɓararre. Ya rubuta cewa mai ɓawon ya fi nauyi, don haka shi zai nutse, ɓararren ya taso. Ya nuna taga ya nuna ƙofa. Ka ga manyan mutane da manyan riguna suna tura juna! Bakanike ya yi taga yana cewa wannan kam ko makaho ya sani. Malam ya miƙa masa lemon ya ce shi zai saka.

Mai ɓawo ya taso yana lilo a saman ruwa. Ɓararre ya tafi ƙasa ya kwanta. Bakanike ya naɗe hannun riga ya tsamo shi ya sake sakawa. Ya sake nutsewa. Ya ce a ba shi wani lemon, wannan an yi masa wani abu. Aka ba shi, ya ɓare da kansa. Wata uwa ta ce ko ɓawon ne ke riƙe iska kamar rigar masu iyo, nan gardama ta ɓarke, shugaban makaranta yana buga tebur ba mai jin sa. Da ƙura ta lafa, bakanike ya share hannunsa a riga ya dubi Malam.

"To ranar mai da ruwan ma haka za ka yi musu?"

"Washegari suka yi," in ji Malam. "'Yarka ce ta soke ta."

Bakanike ya ce ashe shi ya sa ta ƙarar masa da man inji a kofin shayi. Ɗaki ya fashe da dariya. Ba a ma ƙidaya hannu ba. Shugaban ya ce ɗaki zai zauna yadda yake, kuma in Malam ya tafi, wata matashiyar malama da ke koyon aikin a wajensa ita za ta karɓi makulli. Bakanike ya ce famfon makarantar da ke ɗiga a bar masa, shi zai gyara.

Mun gode, Malam. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar more shi. Ku kuma malamai masu tasowa, ku leƙa ɗakin nan tun yana nan. Ba ku buƙatar kayan waje, bokiti da kofi da kwali sun isa farawa. Iyaye kuma, in yaro ya dawo da riga a jiƙe, ku tambaye shi me ya gano kafin ku ɗaga murya.

Abin da na je bincike kuwa, ga shi. Malam yana rubuta ƙarya a allo. Da gangan yake yi, kuma yara ne ke soke ta da hannunsu kafin a tashi. Sau ɗaya hadari ya hana.