Sunan da Malam Abarshi Bai Rubuta Ba

Duk wanda aka haifa tsakanin Illela da Malbaza daga farkon shekarun saba'in zuwa farkon dubu biyu, ya ɗauko takardar haihuwarsa ya duba can ƙasa. Da wuya bai ga wani sa hannu mai kama da lauje biyu sun rungumi juna ba. Hannun Malam Abarshi Takama ke nan, ma'aikacin rajistar haihuwa da aure, wanda Allah ya yi wa rasuwa bara a gidansa na Birnin Ƙonni, da alƙalaminsa maƙale a aljihun gaba.

Shekara talatin da huɗu ya yi ana yawo da shi daga wannan buro, wato ofis, zuwa wancan, kuma ko'ina ya zauna da abu guda aka san shi: ba ya karɓar laƙabi. Idan mutum ya ce sunansa Ɗan Tsoho, sai ya ɗago kai ta saman tabarau ya ce, “Wanga na kakarka ne. Ina na yanka?” Mace kuwa in ta zo ta sunkuyar da kai ta kasa faɗin sunan mijinta, sai ya ajiye alƙalami ya jira, ko da layi ya kai bakin titi. “Baiwar Allah, takarda ba ta san kunya ba.” Wannan magana tasa har masu kabu-kabu sun haddace, don bayan ya yi ritaya ma bai daina ba. Yana zaune ƙofar gida zai tsayar da yaro da babur ya ce, “An ce an yi maka haihuwa. Ka kai sunan buro, ko sai ya yi gemu?”

A gida kuwa mutum ne mai sanyi. Shi ke zuwa cefanen Laraba da kansa, ya dawo da albasar da ta ishi unguwa. 'Ya'yansa bakwai, kowane da jakar takardunsa daban a cikin akwatin ƙarfe. Matarsa Uwani ta zauna da shi shekara arba'in da biyar ba a taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Kai, ko kalmar da ta yi kama da sunan ba ta fita bakinta. Kowa yakan ce “a bar shi” in yaro ya yi ɓarna, ita sai dai ta ce “a ƙyale shi.” 'Ya'yan suka tashi a haka, har mu makwabta muna tsokanarsu da cewa gidansu ba a barin kome, ƙyalewa ake.

Bayan sadakar arba'in, babbar 'yarsu Karima, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta buɗe akwatin don haɗa takardun da za a mayar da fanshonsa hannun uwarsu. Jaka bakwai na yara, ga tasa. Takardar aure ce kawai ba ta gani ba. Ta zazzage akwatin sau uku. Mutumin da ya rubuta auren rabin ƙasar nan bai rubuta nasa ba.

Sai ta ɗauko katin shaidar uwar ta haɗa da takardun haihuwarsu, nan ta zauna dirshan a ƙasa. Kati ya ce Hawa'u. Takardu bakwai, da kyakkyawan rubutun ubansu, suka ce uwar yaran Uwani. A wurin takarda, matar da ke zaune a ɗaki cikin takaba ba matarsa ba ce, ba ta kuma haifi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kafin la'asar labari ya game unguwa. Wani ya yi salati, wani ya ce ƙarya ake yi wa mamaci. Ni kaina sai da na nemi wurin zama. Mato, tsohon masinjan buro kuma amininsa tun samartaka, ya shigo yana dogara sanda, aka nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Karima, mi ne sunan kakarku, uwar babanku?”

Ta sake duba sunan da ke kan katin uwarta.

“To. Sunansu guda da uwarku. Shi ya sa mata Uwani tun ranar da ta tare. Ɗan fari ne shi, ko cikin barci bai taɓa kiran sunan ga ba. Ke kina tsammanin hannunai zai iya abin da bakinai ya kasa?”

A ƙasan akwatin, cikin wata tsohuwar jarida, aka sami takardun aure guda huɗu na shekaru daban-daban. Kowace ya cika ta tsaf: sunansa, gari, rana, shaidu. Wurin sunan amarya kuwa ba kome, sai ta ƙarshen da ya yi ƙarfin hali ya rubuta harafin farko ya tsaya.

Da aka bayyana wa Uwani, ba ta tambayi fansho ba. Cewa ta yi, “Wato in na mutu, gwamnati ta ce ban haihu ba?”

Hanya ɗaya ta rage: ta je gaban alƙali da shaidu biyu, ta faɗi da bakinta wa ta aura. Ta ce ko da yanka ta za a yi, ba ta faɗa. Karima ta yi lallashi har takaba ta ƙare, da kyar ta yarda ta shiga mota.

Alƙalin yaro ne, mai ladabi. Ya ji Mato, ya ji ɗayan shaidan, ya juyo gare ta.

“Inna, sunan mijinki?”

“Malam.”

“Duk garin nan malamai ne, Inna.”

“Uban Karima.”

“Na gane. Amma sunan nake so, daga bakinki. Takarda ba ta san kunya ba.”

Mato ya zabura har sandarsa ta faɗi. Ashe shi ma alƙalin a wurin marigayin aka yi masa takardar haihuwa, uwarsa ce ta riƙe maganar tana ba shi labari.

Uwani ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta kalli ƙasa kamar mai neman allura, can ta ɗaga hannu ta yi alamar wadda ta gaji da zancen, ta ce a hankali, “A bar shi.”

Alƙali ya buɗe baki zai ce doka ba ta bari, sai ya ga Karima ta dafe ƙirji, hawaye na zuba, Mato kuma yana ta salati. Ya dubi takardar da ke gabansa, ya dubi tsohuwar. Ya ce wa magatakarda, “Rubuta. Ta faɗa.”

Ranar aka rubuta cewa Hawa'u da Uwani mace ɗaya ce, matar Abarshi Takama, uwar 'ya'yansa bakwai. Karima ta sa takardar a sabuwar jaka, ta ajiye kusa da tasa a cikin akwatin.

Da muka je yi mata barka, na ce, “Inna, ashe dai an faɗa.”

Ta harare ni. “Wa ya hwaɗa? Ni cewa na yi a ƙyale zancen.”