Barka da Sallah da Adakar Malamin Argungu

Lokacin da intanet ya fara leƙo Birnin Kebbi, jihar ma ba ta gama zama da gindinta ba, ina da shagon intanet a unguwar Nasarawa. A kusurwa akwai wata kwamfuta da ba a kashewa, ita ce sabar da ke aikawa da karɓar imel. Ƙungiyoyi uku na ɗora a kanta: manoman shinkafa na Zauro, wata Islamiyya a Gesse, da wani gidan malamai a Argungu. Kowa da sunansa a jikin adireshi, amma ta ƙofa ɗaya saƙonsu ke fita. A wajen manyan kamfanonin imel mu 'yan gida ɗaya ne, in ɗaya ya yi laifi duka ake hukuntawa.

Gidan Argungu na fi ji da shi. Tsohon malamin gidan yana da littattafan kakanninsa, rubutun hannu, cike da adaka, gara ta fara cin gefensu. Wata jami'a a ƙasar waje ta yi tayin turo mutum ya ɗauki hotunansu kafin damina. Amincewar malam kawai ake jira, shi kuwa yana ta shawara da dangi kamar za a sayar da gona.

Ana haka Sallah ta matso. Shugaban manoman, dattijo mai kirki da taurin kai, ya shigo shagona da sakatarensa. Ashe sun tara duk adireshin da suka taɓa gani, na jarida, na buhun taki, na takardun taro, suna so a yi wa kowa barka da Sallah.

Na ce, "Baba, mutanen ga ba su san ku ba. In saƙo guda ya tahi ga jama'a haka, kamfanonin imel ɗauka sukai 'yan damfara na."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Gaisuwa ta damfara? Mu nan ko wanda munka yi faɗa da shi muna gaishe shi ran Sallah. Wa za ni cirewa, in ce mishi mi?"

Na yi ta bayani har na fara ɗaga murya, ya tattara rigarsa ya fita. Sakataren yana da mabuɗin akwatin imel ɗinsu, sai ya shiga daga wani shago ya aika, bai gaya mini ba.

Kafin a gama yawon Sallah kamfanonin sun buga mana tambarin masu saƙon banza. Abin takaicin, ba wanda zai sanar da kai. Saƙo ya fita lafiya, sabar ta nuna ya isa, can kuma a jefa shi kwandon shara. A makon ne malam ya amince. Da hannuna na rubuta amsar, na aika, na hau mota har Argungu na yi masa albishir.

Sai shiru daga jami'ar. Malam ya sa an share ɗakin baƙi, an sayi sabuwar tabarma. Duk zuwana sai ya tambaya, in ce masa su mutane ne masu tsari, suna tafe. Sai da Islamiyyar ta kawo kuka cewa ba mai amsa musu sannan na gano. Wanke sunanmu ya ci watanni ana roƙo. Da na samu jami'ar, suka ce sun ɗauka malam ya ƙi, mutuminsu ya tafi wata ƙasa.

Daminar ta yi ƙarfi, ɗakin littattafan ya yi yoyo. Shugaban manoman bai taɓa sanin abin da gaisuwarsa ta jawo ba, kuma na kasa jin haushinsa, don da zuciya ɗaya ya yi. Amma abin yana yi mini zafi har yau.

Da na je wa malam da bayani, ya saurara har na gama. Ya buɗe adakar ya ɗago littafi guda, takardun sun manne, tawada ta zama kududdufi.

Ya ce, "Wanga kakana yar rubuta shi. Idona ya bar ganinai tuni. An ce min in anka ɗauki hoto ana iya ƙara ma rubutun girma, shi yas sa na yarda."

Ya mai da shi, ya rufe adakar, ya tambaye ni ko na ci abinci.