Da Baya-Baya Muka Fito da Kaka

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Tasawa, ni da yayata, a cikin motar da na saya ta hannu bayan na samu aiki. Na rubuta wannan ne saboda waɗanda suka yi ta kirana suna tambaya, don na lura kowa da irin labarin da ya kai masa, har akwai wanda ya ji wai mun faɗa rijiya. Ba mu faɗa ko'ina ba, alhamdu lillahi. Zan faɗi abin da na gani, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba.

Dalilin tafiyar kakarmu ce, wadda ta haifi mahaifiyarmu, tana zaune a wani ƙauye gaba da Gidan Amumune. Yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu, har ta kai ba ta bambanta mutum da turmi sai ya yi magana. A makare labari ya iso mu cewa likitocin ido sun sauka a Mayahi suna yi wa tsofaffi aiki, kuma ranar da muka tashi ce ta ƙarshe da za su karɓi sabbin mutane. Wanda bai iso kafin la'asar ba sai wani zuwan, kuma ba wanda ya san yaushe ne. Kaka ta yi shekaru tana ƙin a taɓa mata ido. Bana ne ta yarda, kuma duk wanda ya san ta ya san yardarta ba ta daɗewa.

Ni mutum ne mai tsoron hanya, ban ɓoye ba. Ana gobe tafiya na kai motar garaji aka canza man inji, aka duba birki da ruwa da tayar ajiya. Na saka igiya da shebur da jarkar ruwa. Yayata ta leƙa bayan motar ta tambaye ni ko Agadas za mu. Motar otomatik ce, ita ke sauya giya da kanta. Buwat ɗinta, wato akwatin giyar, ban tuna an taɓa shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Hanyar zuwa Mayahi ba ta ba mu wahala ba. Lokacin girbi ne, gonaki sun zama karan gero tsaye, amalanken shanu na ta wucewa da dammuna har sun fi shanun tsawo. Masu sayar da mai a kwalba sun ɗan ƙara kuɗi a kan na Tasawa, kuma kowa ka tambaya sai ya nuna kudu, wajen iyaka, ya ce tsadar daga can ce. Kusa da Mayahi goriba ta yi yawa, mata na zaune da tabarmin kaba a bakin hanya. Mun sha shayi da ƙosai mai zafi a tasha. Daga nan na biya asibiti na tabbatar da maganar la'asar, na tambayi mai gadi, na sake tambayar wata ma'aikaciya, don kada a ce ji na yi.

Bayan Gidan Amumune yashi ya fara. A nan na soma jin abin da bai kwanta mini ba. In na taka mai sai injin ya yi kuka tukuna, sannan motar ta fizga kamar wadda aka tasa daga barci. Akwai kuma wani wari kamar an bar tukunya a wuta. Na faɗa wa yayata, ta ce tun muna yara nake jin warin abin da babu.

Mun isa ƙauye da hantsi. Aka dama mana fura da nono mai sanyi, irin wadda ba a samu a gari. Kaka na zaune a ƙofar ɗakinta ta ɗaure kayanta tun jiya. Da ta ji muryata ta miƙo hannu tana lalube.

"Maigidana ne? Ka zo da mota ko da surutu?"

"Da mota na zo, amarya. Tashi mu tahi."

Aka zaunar da ita a baya kusa da yayata. Gida kaf ya fito rakiya, da maƙwabta, da kawunmu wanda ke kula da ita. Na sa giyar gaba na taka mai. Injin ya yi kuka, motar ba ta motsa ba. Na kashe na sake tadawa, haka. Maza suka tura, ta gangara kaɗan, suna saki ta tsaya. Kawu ya ce a tura da gudu in saki giya kamar yadda ake yi wa motar kasuwa, na ce masa a iya sanina irin wannan ba ta amsa wannan dabara.

Muka shiga lissafin abin yi. Amalanke babu ko ɗaya, duk suna gonakin nesa sai yamma. Aka ce a kira ɗan kabu-kabu, Kaka ta ce babur ɗin da ba ta hau ba tana gani, ba za ta hau shi yanzu ba. Can sai na ji ta ce a hankali, "To Allah bai nufa ba. Ku maida ni ɗaki." Har ta fara laluben ƙofa. Na san in ta sa ƙafa a ɗakin nan maganar ido ta mutu.

Na ce ta dakata in matsar da motar inuwa tukuna, don kawai in samu lokaci. Inuwar a baya take, sai na sa giyar baya. Motar ta tafi sumul, ba kuka ba fizga. Yayata ta dube ni, na dube ta.

"To mu tahi haka mana," in ji ta.

Ban amince nan take ba. Na hau tudun bayan gari inda ake samun rezon waya, na kira wani makanike a Tasawa. Ya ce abin na faruwa, fayafayan da ke riƙe giyar gaba su ƙone, na baya su rage. Ya ce in tafi a hankali, in riƙa hutar da ita, kuma in sani bai ba ni tabbacin komai ba. Na tambaye shi ko zan ƙara lalata ta. Ya ce wadda ta mutu ba ta ƙara mutuwa. Na sauko, maza suka taya ni juya motar har bayanta ya fuskanci hanya.

Abin da ban lissafa ba shi ne rakiya. A ƙauyenmu ana raka baƙo har gawon bakin gari, ya ce ku koma haka nan, ya juya baya, su ma su juya. Mu kuwa ba mu da bayan da za mu juya musu. Motar na ja da baya a tafiyar mutum, fuskarmu na kallon fuskarsu, su kuma suna biye da mu suna ɗaga hannu. Muka wuce gawon, ba wanda ya tsaya. Kaka ta ce a gaya musu su koma. Wata gwaggo ta amsa ta taga, "Mu koma yaya, Inna, kuna kallonmu? Ai sai a ce mun ba ku baya." Aka yi dariya, aka ci gaba. Duk saƙon gaisuwar da aka manta a gida, a hanya aka tuna shi. Wata ta ba da gyaɗa a kai wa mahaifiyarmu, wani ya tuna akwai ɗan'uwansa a Mayahi.

Kawu kuwa ya koma bayan motar, wanda yanzu shi ne gabanta, ya cire hularsa yana nuna mini hanya da ita: dama, hagu, ga kututture. Ni kuma ido ɗaya a madubi, wuya a karkace.

Mata sun koma daga rijiyar makiyaya, don akwai girki. Maza ba su koma ba, kuma ina jin wannan ne ya cece mu. Akwai wurare da yashi ya yi zurfi har tayoyi suka fara haƙa. Kafin in buɗe baki, masu rakiya sun dafa gaban motar sun tura, tun da dama a nan suke. Da rakiyar ta ƙare a gawo kamar kullum, da mu uku ne a cikin yashin nan, da makauniya da mace da ni da shebur ɗina.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki. Kaka ba ta shiri da mota, ko zuwa Gidan Amumune sai ta yi amai, shi ya sa yayata ta taho da lemun tsami da leda. Ranar ko tari ba ta yi ba. Ta ce tun tana budurwa a gindin amalanke take zama, ƙafafu a reto, tana kallon inda aka baro, kuma yau ce rana ta farko da ta shiga motar da ta san yadda ake tafiya da mutane. Ban san ko akwai bayanin likita a kan wannan ba, abin da ta faɗa na rubuta.

Mun huta a ƙarƙashin itatuwa duk lokacin da allurar zafi ta fara hawa, kuma kowane hutu ina duban rana. A wani wurin wani Buzu a kan raƙumi ya tsaya ya daɗe yana kallonmu, sannan ya tambayi kawu, zuwa muke ko dawowa. Kawu ya ce mu ma sai mun isa za mu sani.

An riga an yi azahar muka shiga Gidan Amumune, da baya, 'yan kabu-kabu na tafa mana. Allah ya sa akwai wata a-kori-kura da ta gama lodin wake za ta Mayahi. Direban ya sauke mutum biyu daga gaba, da yardarsu, ya zaunar da Kaka da yayata. Ni na tsaya da motar. Ban iya cin komai ba, duk da wani mai tsire ya yi ta kirana. Na yi ta kewaya motar da waya a hannu. Ladan na gyara murya don kiran la'asar wayar ta yi ƙara, yayata ta ce, "An karɓe ta. Gobe da safe za a yi." Na zauna a ƙasa a tsakiyar tasha. Sai a lokacin na ji yadda wuyana ke ciwo. Na sayi tsire na raba wa masu rakiya, sannan aka yi sallama ta gaske, suka kama hanya da ƙafa.

Makanike ya gargaɗe ni kada a ja motar da igiya, wai hakan na ƙara kashe buwat. Washegari aka samu babbar mota ta jingina da wani tudu, na hau da motata cikinta da baya, aka kai mu garaji a Mayahi. Da aka zuƙe man buwat ɗin baƙi ne ƙirin, warinsa kuma shi ne wanda na ji a hanya. Na so yayata na wurin. A kan dalili, mai garajin ya ce man ya tsufa tun hannun wanda ya sayar mini. Abokin aikinsa ya ce a'a, tafiyar hawainiya da na yi a yashi ce ta dafa shi. Sun yi gardama har suka manta da ni. Wataƙila duka biyun ne, ban isa in raba su ba.

Gyara ya ɗauki kwanaki. An aiko da buwat ta hannu daga Maradi, aka ɗora, sai aka ga mahaɗin wayoyinta bai yi daidai da na motar ba, aka mayar aka kawo wata. Wannan karon na tsaya a kai aka zuba man da ya dace, na karanta rubutun galan ɗin da idona. Kuɗin ba zan rubuta ba, don mahaifiyarmu na da masu karanta mata.

Ana cikin haka aka yi wa Kaka aikin ido ɗaya, ɗayan aka ce sai nan gaba. Ina tsaye aka cire mata bandeji. Ta yi ta ƙifta ido, ta dubi yayata, ta dubi tagar ɗakin, sannan ta tsaya a kaina.

"Wanga ne mijin nawa? Har da sanƙo? An cuce ni ina makauniya."

Yayata ta yi dariya har da hawaye. Ni ma idona ya kawo ruwa, amma ba na jin dariyar ce.

Da motar ta tashi na gwada ta cikin gari sau da yawa kafin in yarda mu mayar da Kaka. Ta tafi gaba lafiya lau. Ba mu yi nisa ba aka nemi lemun tsami da leda. Kaka ta ce masu gyaran nan sun ɓata mota mai hankali.

Mun kwana a ƙauye, da safe aka yi mana rakiya. Wannan karon ta ƙare a gawo, yadda aka saba. Kaka ta tako har wurin da ƙafarta, ba wanda ya riƙe mata hannu. Na ce ku koma haka nan, na sa giyar gaba. Da na duba madubi kowa ya juya, ita kaɗai ke tsaye tana ɗaga hannu, kuma daidai inda motar take take ɗagawa. Da hanya ta karkata, hannun ya karkata tare da mu.

Mun iso Tasawa kafin magariba. Ga mai irin motata, shawarata a sa a duba man buwat kafin a shiga yashi, kuma in ta fara kuka kafin ta ja, kada a jira. Tafiya da baya ban ce kowa ya gwada ba, mu dai ta yi mana. Abin da ya fi zauna mini shi ne, duk kayan da na tanada, igiya da shebur da jarka, ba wanda aka taɓa. Abin da ya fitar da mu daga yashi mutane ne da suka ji kunyar juya mana baya muna kallonsu. Wuyana ya warke, kuma na riga na yi wa Kaka alkawarin ido na biyu. Ta ce ta yarda, amma in fara samo hula.