Kwalayen Malam Tanimu

Ranar da muka je Kuje ɗauko takardun marigayi Malam Tanimu ba za ta fita a raina ba. Ku sababbin ɗauka, ku saurara. Ni ma'ajin sito ne a ɗakin adana littattafai na wata hukumar gwamnati a nan Abuja. Boko na tsaya a aji uku na sakandare, mataki na huɗu na albashi kuma nake tun ina da baƙin gashi.

Malam Tanimu marubuci ne. Ya rasu ya bar ɗaki cike da littattafai, da rubutunsa na hannu, da wasiƙun da suka yi ta aika wa juna da abokansa marubuta. Wata jami'a ta ƙasar waje ta aiko za ta saya. Ɗansa ya ce a sayar. Matarsa, Hajiya Gambo, ta tsaya tana wasiwasi. Da Daraktanmu ya ji labari sai ya sa babbar riga, ya ce in biyo shi da motar kaya.

A falonta ya yi ta zuba. Ya ce za a buɗe sashe guda da sunan Malam, ɗalibai su riƙa zuwa daga Bwari har Sakkwato.

Ɗan ya ce, "Mama, waɗancan fa ɗaki mai sanyi za su sa su."

Ta ce, "Da Hausa ya rubuta. Wa zai karanta masa a can? Ku ɗauka, Yallaɓai, kyauta na ba ku."

Aka yi biki, aka ci shinkafa, aka ɗauki hoto. Darakta ya manne bakin kwalayen da tef, ya sa hannu a kai, aka turo mini sito.

To ga yadda aikinmu yake. Duk abin da aka ba hukuma ya zama kayan gwamnati. Ba ya hawa kantar littattafai sai kwamiti ya zauna ya ba shi lamba. Kwamiti kuwa ba ya zama sai an saki alawus. Ba a saki ba.

Bayan damina sai ga Hajiya ta zo a motar haya. Ta ce, "Malam Iliya, garin sauri na haɗa da wasiƙun da ya rubuto mini lokacin yana karatu a Zariya, ina amarya. Suna cikin wani jan ƙyalle. Su kaɗai nake so."

Na hau sama wajen Darakta. Ya ce, "Ta rubuto, ta faɗi lambar kayan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba su da lamba."

"To me zan sa wa hannu? Iska?"

Na ce to a bar ta ta karanta a nan, ko da a gabana ne. Ya ce ɗakin karatu ba ya ba da abin da ba shi da lamba. Ya ƙara da cewa in na kuskura na yanke tef ɗin nan, takardar tuhuma zan gani, in manta da fansho.

Haka ta yi ta zuwa, tana hawa bene da ciwon gwiwa. Yau oga yana mitin, gobe ya tafi Umara, jibi an canza shi, sabon ya ce shi bai gaji maganar ba. Zuwanta na ƙarshe ba ta nemi kowa ba. Ta ce in nuna mata kwalayen kawai. Na kai ta bayan mataccen injin hoton takardu, inda masu shara ke jingina tsintsiya. Ta dafa na sama, ta daɗe tana motsa baki. Sannan ta ce, "Ashe ɗan nan nawa ya fi ni hankali." Ta rasu kafin azumi.

Abin da na koya ke nan: a gidan nan muna son karɓa, ba ma son riƙewa. Duk wanda ya tambaye ku inda zai kai takardun ubansa, ku ce ya fara zuwa ya leƙa sito, kada ya tsaya a ofishin mai babbar riga.

Kwalayen suna nan, gara ta fara da na ƙasa. Hoton bikin kuwa an sa masa gilashi, yana rataye a ofishin Darakta. Ku juya bayansa ku gani. Shi yana da lamba.